KASET ƊIN GWAJI: YADDA MUKA SABA AUNA MURYAR REDIYO A JIMETA

Kowace sana'a da ma'auninta. Mai hatsi yana da mudu, mahauci yana da sikeli, mai yadi yana da sandar awo, maƙerin fari kuma yana da dutsen da yake goga zinariya a kai. To mu da Allah Ya ajiye abincinmu a sayar da rediyo da rikoda da sifika a wannan gari na Jimeta, mene ne namu ma'aunin? Murya dai ba a zuba ta a mudu, ba a kuma ɗora ta a sikeli. Ma'auninmu shi ne abin da za a sa wa na'urar ta faɗa, wato faifai ko kaset ɗin gwaji, sai kuma kunnen mai saye.

Wani zai ce wannan ai ƙaramar magana ce. Amma mutum nawa ne ya daɗe yana tara kuɗi, ya zo kasuwa aka kunna masa kiɗa mai girgiza ƙirji, ya biya ya tafi yana murna, da ya isa gida ya sa tafsiri sai ya ji malam kamar yana magana daga cikin tulu? Ciniki ya riga ya faɗa, kaya kuma ba su da wata lalacewa da za a ce a mayar. Saboda haka muka ga ya kyautu mu bi tarihin wannan ma'auni tun daga zamanin iyayenmu zuwa yau, mu ga abin da suke gwaji da shi da kuma dalilinsu, domin dalilin nan har gobe yana aiki.

ZAMANIN GARMAHO

Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, Turawan Ingila kuma suka ci ta a 1901. Jimeta kuwa bakin kogi ne ya raya ta, don a nan jiragen ruwa suke tsayawa idan Binuwai ya cika da damina. Kamfanoni irin su John Holt da UAC suna sayen gyaɗa da fata da auduga, suna sauke gishiri da atamfa da kwanon rufi. Wannan ciniki shi ya jawo iyayenmu da kakanninmu daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau da Haɗeja, fatake da mahauta da maɗinka da dillalai, suka zauna tare da masu gari. Duk wanda ya ji sunayen unguwanni irin su Gwadabawa da Limawa da Yelwa da Alkalawa ya san Bahaushe ya daɗe a nan.

Cikin kayan da 'yan kasuwa suke kawowa har da garmaho. Wani Ba'amurke mai suna Thomas Edison shi ya fara ƙera na'urar da ke ɗaukar murya ta kuma maido da ita a 1877, sannan Emile Berliner ya fito da ta faifai mai faɗi a 1887, wadda ita ce muka sani da garmaho. Ba ya shan batir, ba ruwansa da lantarki. Wani ake yi masa da hannu kamar agogo, faifan yana zagaye 78 a minti ɗaya, kowane gefe kuma bai cika wuce minti 3 ba. Allurarsa ta ƙarfe ce, a ɗan gwangwani ake sayar da ita, kuma ba ta daɗewa take dakushewa, in an ci gaba da ita ta cinye faifan.

Dattawan da muka taras a kasuwa sun sha gaya mana cewa abu biyu ake dubawa a garmaho. Na farko sifirin. In ya yi sanyi, waƙa za ta faro daidai, amma kafin faifai ya ƙare sai murya ta riƙa ja tana kauri kamar mai gyangyaɗi. Don haka mai wayo ba ya yarda a ɗage allura a tsakiya, sai an bar gefen faifai ya kai ƙarshe. Na biyu ɗan bangon nan da ke bisa allura, wanda shi ke fitar da sauti. In ya tsage, duk inda mawaƙi ya ɗaga murya sai ka ji zizar ƙudan zuma.

To amma ta yaya mutum zai san murya ta ja ko ba ta ja ba, in bai san yadda take tun asali ba? Nan ne gizo ke saƙa. In aka sa maka faifan badujalar Turawa ko waƙar wani harshe da ba ka taɓa ji ba, ko ta yi sauri ko ta yi nawa duk ɗaya ne a kunnenka. Shi ya sa wanda ya san abin da yake yi yakan aro faifan Hausa wurin maƙwabci, ya naɗe a tsumma ya zo da shi. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko, duk sauran a kanta aka gina su: ba a gwaji sai da muryar da kunne ya sani.

REDIYO MAI GAJEREN ZANGO

Da rediyo mai batir ya yaɗu, sai gwaji ya koma kan tasha. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya fara a 1962, Muryar Jamus ta soma Hausa a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Ga kuma Rediyon Garwa nan kusa da mu a Kamaru. Ga mazaunin Jimeta wanda ya baro gida da nisa, ga shi jirgin ƙasa bai iso nan ba, mota kuma sai ta bi ta Bauci da Gombe da Numan, rediyon da bai kama Kaduna ba ai akwati ne kawai. A Kaduna ake jin Zaɓi Sonka, a ji gaisuwar 'yan uwa, a ji makaɗan gida, da azumi kuma a ji tafsiri.

A nan ma akwai dabara. A wancan lokaci tashar Hausa ta Kaduna tana kan mita 49 ne a gajeren zango, kuma wannan mita ta fi tafiya nesa da dare. Da magariba ko wane gwangwani zai kamo ta. Saboda haka mai saye in ya ƙware, da rana tsaka yake zuwa, lokacin da tashar ta yi rauni. In rediyo ya kamo ta a wannan lokaci, ya riƙe ta ba ta zamewa, kuma aka ji kalmomin mai labarai ɗaya bayan ɗaya, to an sami kaya.

KASET YA SHIGO GARI

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset a 1963, amma a wajenmu sai a shekarun 1970 ya zama ruwan dare. Abubuwa uku ne suka haɗu. Ma'aikata sun karɓi kuɗin Udoji a 1975 har da ariya. An ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976 aka mai da Yola hedkwata, gari ya cika da ma'aikata da 'yan kwangila. Sannan alhazai suka yawaita, kusan kowa in zai dawo daga Jidda sai ya saɓo rikoda a kafaɗa. National Panasonic, Sanyo, Sharp, JVC, Sony, ga su nan birjik, daga mai batir 4 har mai batir 8, mai sifika ɗaya da mai biyu. Rikoda ta shiga kayan ɗakin amarya, ta shiga shagon tela, ta hau teburin mai shayi.

Mu da muka tashi a matsayin yaran shago a shekarun 1980, mun taras kowane shago yana da kaset ɗinsa na gwaji, a ajiye a durowa, ba na sayarwa ba ne. Sai dai kaset ɗin gwaji iri biyu ne, akwai na mai sayarwa akwai na mai saye. Na mai sayarwa galibi disko ne ko waƙar fim ɗin Indiya, mai duka da ƙarfi daga fari har ƙarshe. Irin wannan kiɗa yana rufe aibin na'ura kamar yadda yaji ke rufe warin nama. Wasu kuma sukan ɗora rikodar a lungun shago bisa kabad na katako, don lungu da katako suna ƙara wa sauti kauri. In kuma ana kwatanta biyu, sai a ɗan ƙara wa mai tsadar murya, domin kunnen ɗan Adam duk abin da ya fi ƙara shi yake ɗauka ya fi daɗi. Wannan duk sananne ne a kowace kasuwa ta duniya.

Na mai saye kuwa, a aljihu yake zuwa da shi. Da ka ga dattijo ya zaro kaset biyu ko uku daga aljihun 'yar ciki, ka san yau ciniki sai da gaskiya. A hankali har aka san wane kaset ne ke tona wane asiri.

ABIN DA KOWANE KASET KE TONAWA

Na farko Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Kalangu ganga ce mai magana. Makaɗi yana matse tsirkiyarta a hammata, sauti ya hau, ya saki ya sauka, yana bin hawa da saukar harshen Hausa. Sifika mai kyau za ta bar ka ka ji wannan hawa da sauka, har ka fahimci abin da kalangu ke faɗi. Maras kyau kuwa sai ta mai da shi dum-dum kawai, kamar ana dukan buhu. Sannan a ƙungiyar Shata kalangu ba ɗaya ba ne, akwai babba akwai masu karɓa masa. In ka kasa rarrabe su, sifikar ta cakuɗa. Kuma kowa a Jimeta ya san kalangu ido da ido, tun da ga shi nan wurin mahauta da gidajen biki, babu mai yi maka bayaninsa.

Na biyu Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce a kan ɗan gwangwani da aka rufe da fata, daga shi sai muryarsa, babu 'yan amshi babu ganga. Wannan shi ke auna siririn sauti. In kan rikoda, wato ƙarfen da zaren kaset ke gogawa, ya ci ko ya yi datti ko ya karkace, kaifin kuntigi shi ke fara ɓacewa, sai ka ji kamar an lulluɓe shi da bargo. Kuma da yake babu tarin kaya a waƙar, duk wani shuu da na'urar ke yi da kanta a fili za ka ji shi tsakanin ɗiya da ɗiya.

Na uku Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991. Shi kiɗan kotso ne, ga 'yan amshi masu yawa, jagora ya ɗauko, su karɓe, su yi ƙari, wani lokaci murya ta hau kan murya. Rikoda mai ƙaramin ƙarfi tana iya yin daɗi da mutum ɗaya, amma da 'yan amshi sun shigo gaba ɗaya sai ta shaƙe, kalmomi su narke. In ka iya tsintar kowace kalma a amshin Ɗanƙwairo bayan an kai murya kashi uku cikin huɗu, na'urar tana da ƙarfin gaske.

Na huɗu Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Mata in sun aiko a saya musu rikoda, sau da yawa da kaset ɗinta suke haɗo ɗan aike. Suna da hujja. Muryar mata da guɗa da dukan ƙwarya duk masu kaifi ne, sifika mai arha kuma a nan take tsagewa, ta riƙa soke kunne. Wadda ta fitar da guɗa ba ta sa ka yamutsa fuska ba, za a iya zama da ita a ɗaki wuni guda.

Akwai kuma wanda ba a gwaji da shi, duk da girmansa, wato Ibrahim Narambaɗa. Ya rasu tun farkon shekarun 1960, abin da ya rage na muryarsa an ɗauke shi ne da na'urorin wancan lokaci, aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset. Ko a wace irin na'ura ka sa shi da shuu ɗinsa zai fito. Wanda ya yi gwaji da shi zai ɗora wa rikoda laifin da ba nata ba. Darasin nan shi ne, daɗin waƙa daban, kyan ɗauka daban. Shi ya sa ake neman kaset na asali, ko wanda aka ɗauko kai tsaye daga faifan kamfani, irin waɗanda EMI ta buga na Shata da Ɗan Maraya. Kowace kwafa sai ta rage kaifi ta ƙara shuu, kwafa ta huɗu ko ta biyar kuwa ba ta auna komai.

KARATU DA TAFSIRI

Da yawa daga cikin mutanenmu ba don kiɗa suke sayen rikoda ba, don karatu ne da wa'azi. Su kuma ma'auninsu ya fi na kowa tsanani. A 1961 aka kammala ɗaukar Alƙur'ani gaba ɗaya a Alƙahira da muryar Shaihu Mahmud Khalil Husari, shi ne karo na farko da aka yi haka, daga baya kuma ya karanta da ruwayar Warshu wadda muka tashi da ita a makarantun allo. Karatunsa a natse yake, kowane harafi da haƙƙinsa, shi ya sa malamanmu na Islamiyya suka fi tura ɗalibai gare shi.

Wanda ya yi tajwidi ya san haruffa masu fito, wato sin da sad da zayin. Waɗannan a can saman sauti suke zaune. Na'urar da ta gaza nan, sin da sad da sa mai ɗigo uku duk ɗaya za ta fito da su, yaro kuma ya koyi kuskure. Madda ita ma babban ma'auni ce. Zaren kaset dole ya riƙa tafiya santimita 4.76 a kowane daƙiƙa, ba ƙari ba ragi. In bel ɗin da ke jan sa ya saki, ko robar da ke danne zaren ta taurare, a kiɗa mai sauri ba lalle ka lura ba, amma da makaranci ya ja madda mai tsawo sai ka ji muryar tana rawa kamar tutar da iska ke kaɗawa. Masu gyaran rediyo ma da wannan suke gane ciwon.

Kaset ɗin tafsiri, ko na Shaihu Abubakar Gumi ko na Shaihu Ɗahiru Bauci, shi kuma murya biyu ce, ta mai jan baƙi da ta mai fassara, a cikin masallaci mai amsa kuwwa cike da jama'a. In ka ji su duka biyu sarai daga ƙofar ɗaki ba tare da ka ƙure murya ba, to za ta yi wa maigida da iyalinsa.

Sai dai malamai sun sha jan kunne cewa Alƙur'ani ba abin wasa da maɓalli ba ne, in ana karanta shi sauraro ake yi. Saboda haka masu ladabi ba su kunna shi a tsakiyar hayaniyar kasuwa suna katsewa suna mayarwa. Sukan shiga cikin shago, a yi shiru, a saurari aya ta kai ƙarshe, sannan a kashe a yi maganar kuɗi.

Akwai wani gwajin da ba na kunne kaɗai ba. Kaset C90, mai minti 45 kowane gefe, zarensa ya fi na C60 siranta da tsawo. Akan juya shi zuwa kusa da ƙarshe sannan a kunna, don a nan ne rikoda mai raunin mota take nuna halinta, ko ta ja murya ko ta cinye zare. Sannan a gwada ta da batir, a gwada ta da wutar NEPA, don wata da wuta sai ta riƙa gurnani.

TURAWA MA HAKA SUKA YI

Kada a ɗauka mu kaɗai muka san wannan. Tun daga 1915 kamfanin Edison a Amurka ya riƙa tara jama'a a manyan zauruka, a tsayar da mawaƙiya kusa da garmaho, tana rerawa faifanta yana rerawa, ta yi shiru faifai ya ci gaba, wani lokaci a kashe fitila ta sulale, a ce jama'a su faɗi wa ke waƙar. Ka ga dai ma'aunin shi ne murya mai rai. Amma ko a can an yi dabarar kasuwa, don daga baya an gane cewa mawaƙan sukan kwaikwayi muryar na'urar ne don kada a ji bambanci.

Haka nan a Jamus, lokacin da Karlheinz Brandenburg da abokan aikinsa suke ƙoƙarin ƙirƙiro MP3 a ƙarshen shekarun 1980, kiɗa mai tarin kaya bai ba su wahala sosai ba. Abin da ya tona aibin aikinsu wata waƙa ce ta Suzanne Vega, murya zalla ba kiɗa. Ita ya yi ta maimaitawa yana gyara. Masana sun ce kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, amma inda ya fi ƙwarewa shi ne wajen muryar ɗan Adam, don ita yake ji tun yana goye. Abin da injiniyan Jamus ya gano a ɗakin bincike, shi ne dattijon Limawa yake yi da kaset ɗin Husari.

DAGA GWANJO ZUWA MEMORI

Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar Naira, sabon kaya ya gagari talaka, sai gwanjo ya cika kasuwa, amfilifaya da sifiku da rikodoji da aka gama yayinsu a Turai, ana ɗauko su daga Alaba ta Legas da Onica da Kano. A wannan zamani ne kaset ɗin gwaji ya fi amfani, don kaya ba garanti, robar bakin sifika sau da yawa ta ruɓe, kalangu ɗaya ya isa ya fallasa ta. Lokacin da aka raba Gongola a 1991 aka sami Adamawa da Taraba, kaset ne ke mulki. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, sai wajen ƙarshen shekarun 1990 ya kama ƙasa a nan, shi ma faifan bidiyo ne ya jawo shi.

Da shi ne aka shigo da wata sabuwar riga, wato lambar da ake rubutawa a kwali da manyan baƙaƙe, wat 2,000 ko wat 5,000, a gefe a sa PMPO. Wannan lamba ba ta da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowane kamfani yadda ya so yake lissafa ta. Ta gaskiya ita ce wadda aka rubuta RMS. In ba ka gan ta ba, juya bayan na'urar ka duba wutar da take sha. Wadda ke shan wat 40 ba za ta yi ta fitar da dubbai ba, don tulu ba ya ba da ruwan da ya fi wanda aka zuba masa.

A daidai wannan lokaci kuma waƙoƙin fina-finan Hausa suka fito, waɗanda ake haɗawa da fiyanon Yamaha a situdiyoyin Kano. Suna da masoya, kuma suna iya nuna maka ko sifika tana da kauri. Amma gangar da ke ciki ba fata ba ce, babu inda ka taɓa jin ta a fili da za ka kwatanta. Daga nan sai memori da wayar hannu da sifikun Bluetooth. Waƙar MP3 da aka matse a lamba 128 kusan kashi ɗaya ce cikin 11 na girman ta CD, wadda kuwa aka naɗa da waya daga bakin wata sifika aka turo ta WhatsApp, wannan ta fi kwafa ta biyar ta zamanin kaset lalacewa. Yau yaro zai zo shago ya haɗa wayarsa, ya ƙure murya, in tebur ya girgiza ya ce ta yi.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Na'ura ta canja sau biyar ko shida a gabanmu, ƙa'idar kuwa tana nan. Wanda zai sayi sifika ko rediyo yau, ya zo da nasa abin gwajin, kada ya dogara da na shago. Ya haɗo huɗu: magana ko karatu zalla, tsirkiya ɗaya irin kuntigi ko kukuma, ganga mai magana, da waƙa mai tarin 'yan amshi. Su zama waɗanda ya sani kamar yunwar cikinsa, kuma ɗauka mai kyau. Ya fara da ƙaramar murya, don a gida da dare haka zai riƙa ji, sannan ya ƙara a hankali har inda ta fara tsagewa. In yana kwatanta biyu, a daidaita ƙararsu, a ajiye su wuri ɗaya. Ya fara da irin abin da zai fi saurara a gida. Mai neman tafsiri kada ya bari a gwada masa da disko.

Abin da ya fi damunmu shi ne ma'aunin kansa yana neman ɓacewa. Kaset ɗin asali na Shata da Ɗanƙwairo da Haruna Uji da Garba Sufa da Ɗan Anace suna nan a akwatuna a gidajenmu na Luggere da Rumde da Nasarawo, zafin Yola kuwa a watan Maris da Afrilu yana wuce 40 a ma'auni, ga ƙurar hunturu, ga laimar damina. Zare yana manne wa juna, faifai yana lanƙwashewa. Magada da yawa sun zubar da su a bola suna cewa ai komai yana waya, alhali na wayar sau da yawa gurguwar kwafa ce. Duk mai irin wannan ajiya ya cire ta daga ƙarƙashin kwanon rufi, ya nemi rikoda mai lafiya da yaro mai kwamfuta a juye ta kai tsaye da waya mai jona, a ajiye da cikakken girmanta ba tare da an matse ba, kuma kada a yar da na asalin.

Sannan mu riƙa kai yaranmu inda ake kiɗa da hannu. Su tsaya kusa da mai kalangu a gidan biki, su je ƙofar fadar Lamiɗo ranar hawan salla su ji algaita da kakaki, su zauna gaban alaramma su ji yadda sad ke fita daga bakin mutum. Kunnen da bai taɓa jin na gaske ba, ko an ba shi kaset ɗin gwaji mafi kyau, ba shi da abin da zai kwatanta da shi, kuma duk abin da aka sayar masa karɓa zai yi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka koya mana sana'a, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.